Babbar Taswira ko Ƙauye Ɗaya: Ta Ina Za Ka Fara Gina Duniyar Wasanka?

Duk wanda ya daɗe yana jagorantar wasan labari na kan tebur, irin su Dungeons & Dragons da Pathfinder da RuneQuest, akwai ranar da zai ji duniyoyin da kamfanoni suka buga a littattafai ba su ishe shi ba, yana son tasa ta kansa. A irin wannan wasa mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa da jaruminsa, yana magana da yawunsa, yana yanke masa shawara, a jefa dayis a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Jagora kuwa shi ne duk abin da ya rage: shi ne sarki, shi ne mai gadin ƙofa, shi ne dodon da ke kwance cikin kogo, shi ke cewa yau hadari ya haɗo. To idan har ƙasar da za a taka ma shi zai ƙirƙiro ta, tambayar da za ta fara tare shi ita ce ta ina zai kama.

Hanya biyu aka sani. Ta farko a fara daga sama: a zana nahiya, a shimfiɗa tekuna da duwatsu, a raba dauloli, a rubuta tarihin shekara dubu da abin da mutanen labarin ke bauta wa, sannan a gangaro a hankali har a iso ƙauyen da wasa zai fara. Ta biyu a fara daga ƙasa: ƙauye ɗaya, masauki ɗaya, maƙeri, shugaban gari, da wani kango mai haɗari da ke tafiyar yini ɗaya daga nan. Abin da ke bayan tsauni ba a san shi ba sai ranar da 'yan wasa suka ce can za su.

Ni a ganina hanya ta biyu ta fi dacewa da mafi yawan masu farawa, amma ba tsurarta ba. Akwai 'yan abubuwa da dole a yanke su daga sama tukuna, kuma akwai irin wasan da ƙaramin farawa ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba.

Yadda sanannun duniyoyin suka faro

Tarihin wasan kansa ya karkata ga ƙaramin farawa. Dave Arneson, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro Dungeons & Dragons, ya soma duniyarsa ta Blackmoor a 1971 a jihar Minnesota ta Amurka, kuma abin da ya riƙe 'yan wasansa shi ne fada ɗaya, garin da ke gindinta, da ramukan da ke ƙarƙashinta. Gary Gygax, na biyun nasu, ya biyo baya a 1972 da fadar Greyhawk, yana zana hawa-hawan ƙarƙashin ƙasa gwargwadon yadda 'yan wasa ke ƙara nutsawa. Da suka buƙaci fita sarari, bai tsaya ƙirƙirar sabuwar nahiya ba, taswirar Arewacin Amurka ya ɗora wasan a kai. Dungeons & Dragons ya shiga kasuwa a 1974, amma taswirar duniyar Greyhawk da mutane suka sani ba ta fito ba sai 1980, shekara takwas bayan an fara wasa a fadar. A zamaninmu ma haka ne. Exandria, duniyar da Matthew Mercer ya gina wadda Critical Role, shirin da ake nuna irin wannan wasa a intanet, ya yaɗa tun 2015, ta faro ne daga wasan gida tsakanin abokai a wani gari ɗaya mai suna Stilben.

A ɗaya ɓangaren akwai duniyar Glorantha. Greg Stafford ya fara rubuta ta a 1966 saboda sha'awarsa ga tatsuniyoyin asali da labaran alloli, wasan farko da aka ɗora a kanta ya fito a 1975, RuneQuest kuma a 1978. Ed Greenwood, ɗan Kanada, yana yaro ya fara rubuta labarai a duniyarsa ta Forgotten Realms a ƙarshen shekarun 1960, kamfanin TSR bai buga ta a matsayin cikakkiyar duniyar wasa ba sai 1987. Waɗannan duniyoyi suna da zurfin da ba a samunsa cikin gaggawa, duk wanda ya karanta su zai ji haka. Sai dai a lura da abu biyu. Ba don wasan mako mai zuwa aka gina su ba, masu su sun yi shekaru suna rubutu don jin daɗin rubutun kansa. Sannan shi Greenwood ɗin, da ya zo jagorantar wasa a duniyarsa, 'yan wasansa a wurare ƙalilan suka fi zama, birnin Waterdeep da ƙaramin yankin Shadowdale.

Abin da ke isowa kan tebur

Nan ne bambancin ya fi fitowa fili, kuma nan nake so mai zaɓe ya fi tsayawa. A zama ɗaya na awa uku ko huɗu, 'yan wasa za su yi magana da mutane kaɗan, su shiga wuri biyu ko uku, wataƙila su yi faɗa ɗaya ko biyu. Tambayoyinsu ƙanana ne kuma na kusa: wa ke sayar da igiya a garin nan, me ya sa mai masaukin ya yi shiru da aka ambaci tsohuwar hasumiya, idan muka fasa ƙofar nan wa zai ji? Wanda ya kwashe wata uku yana jera sunayen sarakunan daular da ta rushe shekara ɗari tara da suka wuce, zai iya zama ba shi da amsar ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Ya yi aiki mai yawa, amma aikin yana can nesa da inda ake wasa.

Mai farawa daga ƙasa duk abin da ya rubuta ana taɓa shi a daren. A ce garinka a mashigar kogi yake. Gadar da ake bi ta karye bara, yanzu kowa sai ya biya masu kwale-kwale. Shugaban gari ya tara kuɗin gyara sau biyu, gada ba ta tashi ba. Magina uku da aka kawo sun ɓace, an ga takalmin ɗayansu a bakin wani tsohon ramin haƙar ma'adinai. Wannan bai cika rabin shafi ba, amma ga wanda ke cin riba, ga wanda ake cuta, ga wurin da za a shiga da fitila da takobi, ga kuma tambayar da za ta hana 'yan wasa barci. Idan sun tambaya ina fataken da ke tsallake kogin suke nufa, a lokacin ne birnin gaba zai samu suna, kuma zai same shi ne don wani ya damu da shi.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Ƙaramin farawa yana ba ka damar gane abin da mutanen teburinka ke so kafin ka zuba wahala. Kana iya shirya musu kogo cike da dodanni, su kuwa hankalinsu ya tafi kan rikicin shugaban gari da masu kwale-kwale. Idan shafi biyu ka rubuta, juyawa ba wuya. Idan littafi guda ka rubuta a kan yaƙin dodanni, zuciyarka za ta yi ta jan su zuwa inda ba su so.

Wannan jan shi ne babban haɗarin farawa daga sama, kuma ba daga mugun nufi yake zuwa ba, daga ƙauna yake zuwa. Mutum ya sha wahala a kan abu, yana so a gani. Sai ka ji jagora ya tsayar da wasa yana karanta tarihin daula na minti goma, ko kowane tsoho da aka haɗu da shi a hanya ya zama malamin tarihi. Mafi muni, idan 'yan wasa suka yi niyyar kashe sarkin da ya tsara masa shekara ashirin na mulki a gaba, sai dalilai su yi ta ɓullowa na hana su. Wasan nan kuwa daɗinsa duka yana ga cewa abin da 'yan wasa suka yi yana sauya duniya da gaske.

Inda farawa daga sama ya yi zarra

Ba zan rage wa hanyar farko haƙƙinta ba. Abin da take bayarwa shi ne daidaito, wato duniya ta riƙa yarda da kanta. Mai ƙirƙira a kan tebur, cikin sauri, yana iya cewa yau a ƙasar nan ba a san sihiri ba, mutane tsoronsa suke ji, bayan wata biyu kuma ya manta ya sa shagon sayar da layun sihiri a kasuwar birni. 'Yan wasa suna lura, kuma da zarar sun gane duniyar ba ta tuna abin da ta faɗa, sai su daina dogara da ita wajen yin dabara.

Sihiri ne ya fi fallasa wannan rauni, domin dokokin wasa sun riga sun yi alkawuran da duniya za ta biya. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, akwai sihirin da ke tayar da wanda bai wuce kwana goma da mutuwa ba, idan an samo lu'ulu'un da ya kai zinari 500 na kuɗin wasan. To ka tambayi kanka: a ƙasar da haka ke yiwuwa, kashe sarki yana kawo ƙarshen mulkinsa? Mai son gadon sarauta ai ba kisa kawai zai shirya ba, sai ya ɓatar da gawar, ko ya sayi masu iya tayarwar. Su kuma masu iya tayarwar sun zama masu faɗa a ji fiye da kowane kwamandan yaƙi. Akwai kuma sihirin aika saƙo na kalma 25 zuwa kowace nisa nan take. Idan kowace fada tana da mai iya shi, labarin manzon da ke sukuwa kwana bakwai don ya kai gargaɗi ya rushe tun kafin a fara. Mai ginawa daga sama yana haɗuwa da waɗannan tambayoyi yana zaune shi kaɗai da alƙalami, yana da lokacin tunani. Mai ginawa daga ƙasa yana haɗuwa da su ne a tsakiyar wasa, idanun mutum biyar a kansa.

Haka nan alamun abin da ke tafe. Idan ka san tun farko cewa daular arewa tana shirin mamaya, za ka iya sa baƙin 'yan kasuwa masu yawan tambaya a zama na biyu, tsadar ƙarfe a zama na biyar, 'yan gudun hijira a zama na tara. Ranar da rundunar ta bayyana, 'yan wasa za su waiwaya su ga ashe an daɗe ana nuna musu. Wannan daɗi ne da ƙirƙirar nan take ba ta cika bayarwa ba.

Don haka irin wasan da kake so shi ne alƙali na farko. Idan labarin na siyasar dauloli ne, jaruman jakadu ne ko 'ya'yan sarauta, ko kuwa matuƙa jirgin ruwa ne masu yawo tashar nan zuwa waccan, ba makawa sai ka san ƙasashen, abin da kowace ke so da wanda take tsoro, tun zama na farko. Ƙauye ɗaya ba zai ɗauki wannan ba. Idan kuwa jaruman ƙananan mutane ne masu neman suna da abin kansu a bakin iyaka, babbar taswira ba ta da aikin yi tukuna.

Batun taswira

A nan lissafi yana taimakawa. Dokokin bugu na biyar sun sa tafiyar ƙasa ta yini ɗaya, ba sauri ba nawa, mil 24. Masu zana taswira da gidaje masu kusurwa shida sun saba sa kowane gida ya zama mil shida, wato gida huɗu a yini. Takarda mai gida goma a tsaye goma a kwance ta ba ka yanki mai faɗin mil 60, tafiyar kwana biyu da rabi daga gefe zuwa gefe. Ka sa gari ɗaya, ƙauyuka biyu, kango uku, daji da fadama a ciki, za a yi watanni ana wasa ba a ƙure shi ba. Taswirar nahiya kuwa, duk wannan yankin ɗigo ɗaya ne a kanta.

Amma ƙaramar taswira tana da tarkonta. Idan kana ƙara takarda a gefen takarda ba tare da sanin babban fasali ba, wata rana za ka ga koginka ya hau tudu, ko hamada ta manne da dajin ruwan sama ba dalili. Ƙa'idojin ba su da yawa: ruwa daga tudu yake gangarowa zuwa teku ko tafki, koguna haɗuwa suke yi suna girma, ba su cika rabuwa ba sai dab da bakin teku, kuma gefen tsaunin da iska mai ɗauke da ruwa ke bugawa shi ke samun damina, bayansa ya bushe. Maganin ba zana nahiya dalla-dalla ba ne. Zanen minti biyar ya isa: teku tana yamma, tsaunuka suna arewa, babban birni yana kudu tafiyar kwana goma. Wasan Dungeon World na 2012 ya sa wannan cikin ƙa'idojin jagora, cewa a zana taswira amma a bar gurabe babu komai.

Wurin 'yan wasa a cikin duniyar

Ɗan wasa zai zo ya ce jarumarsa ta fito daga tsibirin da mata ke tuƙa jiragen yaƙi, an kore ta saboda ta ƙi bin umarni. Mai cikakkiyar taswira sau da yawa amsarsa ita ce babu irin wannan tsibiri, zaɓi ɗaya daga ƙasashe bakwai ɗin nan. Mai gurabe a taswira zai ce akwai, faɗa mana sunansa, wa ya kore ki? Nan take ya samu ƙasa, ya samu abokin gaba, ya kuma samu ɗan wasan da zai riƙe wannan yanki a ransa fiye da duk abin da aka karanta masa. A wurina wannan kaɗai ya isa ya rinjayar da ma'auni.

Wasu sun kai abin har ƙarshe, suka mayar da ginin duniyar aikin kowa. Microscope na Ben Robbins, wanda ya fito a 2011, wasa ne da ake zama a tsara tarihin duniya tare, ba jagora, kowa yana ƙara zamani ko aukuwa a inda ya ga dama. The Quiet Year na Avery Alder, na 2013, da katin karta ake yinsa, kowane kati mako ɗaya ne a rayuwar wata al'umma, ana zana taswira ana tafiya. Zama ɗaya ko biyu da irin waɗannan yana haifar da duniyar da kowa ya san ta ba tare da an ba shi takardar karatu ba. Farashinsa shi ne asiri ya ragu, tunda abin da aka gina tare ba ya ba da mamaki, kuma launin duniyar zai iya cakuɗewa idan wani yana son ban tsoro wani yana son raha. Jagoran da ke da wani hoto takamaimai a ransa zai ji an taka masa shuka.

Shafi ɗaya daga sama

Abin da nake ba da shawara shi ne a ɗauki abu ɗaya tak daga hanyar farko: shafi guda. A 2002 kamfanin Wizards of the Coast ya buɗe gasar neman sabuwar duniya, ya ce kowa ya aiko da shafi ɗaya. An samu fiye da 11,000. Wadda ta yi nasara ita ce Eberron ta Keith Baker, aka buga ta a 2004, kuma ana iya faɗin ruhinta cikin numfashi ɗaya: duniyar da sihiri ya zama sana'a da masana'antu, har da jirgin ƙasa mai tafiya da sihiri, ga kuma dogon yaƙi da bai daɗe da ƙarewa ba. Dark Sun ta 1991 ma haka: duniyar hamada ce, sihiri yana ƙone tsirrai da rai idan an yi shi ba kula, ƙarfe ya yi ƙaranci, sarakuna matsafa ke riƙe da birane. Daga waɗannan 'yan jimloli mutum zai iya hasashen yadda ƙauye zai kasance a kowace ɗaya, abin da ake tsoro da abin da ake sata.

Shafinka ya amsa tambayoyin da sauya su daga baya zai yi ciwo. Sihiri yawansa nawa, wa aka yarda ya yi shi? Allolin labarin suna sa baki a fili ko sai dai a yi imani da su? Waɗanne irin halittu ne ke zaune tare da mutane? Wane babban abu ne ya faru kwanan nan wanda kowa, har yaro, ya san shi? Su wane ne manya uku da ke ja-in-ja a yankin, me kowanne ke nema? Shekarun sarakuna, sunayen watanni, harsunan da aka ƙirƙira, duk su jira.

Gygax kansa kusan haka ya tsara a wata maƙala da ya rubuta wa mujallar Europa a 1975: a fara da tunanin yadda duniyar take, sai karkarar da ke kusa, sai ramin da za a shiga, sai garin da ke kusa da shi, duniya gaba ɗaya kuma ita ce ta ƙarshe. Kevin Crawford, a littafin wasansa Worlds Without Number na 2021, ya ba da ma'auni mai sauƙi ga duk abin da jagora zai zauna ginawa: ko dai za a buƙace shi a zama mai zuwa, ko kuwa yana jin daɗin gina shi. Ina son wannan ma'auni don bai hana mai son rubuta tarihin dauloli rubutawa ba. Idan daɗinsa kake ji, rubuta, abu ne mai kyau a karan kansa. Kawai ka san cewa wannan ba shi ne shirin wasan ranar Asabar ba, shirin yana nan yana jiranka daban.

Wanda ya zaɓi farawa daga ƙasa ya sani aikin bai ragu ba, wuri ya sauya. Maimakon ya yi shi kafin wasa, zai yi shi bayan kowane zama. Duk sunan da ya fito daga bakinka a kan tebur ya zama gaskiya a duniyar, ko da cikin gaggawa ka faɗe shi. Don haka kafin ka kwanta a daren, rubuta sunayen da aka ambata, alkawuran da aka yi, nisan da ka ce akwai tsakanin wuri da wuri, da wanda 'yan wasa suka ɓata wa rai. Ka ajiye jerin sunaye ashirin da ba a yi amfani da su ba a gefen takardarka, don kada kowane baƙo ya sa ka inda-inda. Sannan a ƙarshen kowane zama ka tambayi 'yan wasa ina suka nufa a zama mai zuwa, ka roƙe su su tsaya a kan abin da suka faɗa. Idan sun ce birnin kudu, kana da mako guda ka gina ƙofarsa, unguwa biyu, mutum biyar da rikici ɗaya, sauran unguwannin su zauna da sunayensu kawai har ranar da wani ya karkata ya shiga ɗayansu.